Albashin Zaɓaɓɓun Shugabanni a Nijeriya: Na Takarda da Na Aljihu, Nazari Daga Keffi

Tsakure

Albashin da doka ta yanka wa zaɓaɓɓun shugabanni a Nijeriya bai motsa ba tun gyaran shekarar 2008, amma kuɗin da ke shiga hannunsu ta wasu ƙofofi ya yi ta hauhawa. Wannan maƙala ta bi asalin biyan masu mulki daga baitulmali, ta duba abin da kundin tsarin mulki ya tanada, sannan ta auna shi da halin da ake ciki a Keffi da Jihar Nasarawa. Matsayarta ita ce a haɗe duk abin da zaɓaɓɓe ke karɓa wuri guda a bainar jama'a, a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashin ma'aikata, a kuma raba shi da kuɗin ofis.

1.0 Gabatarwa

Mazaunin Keffi yana jefa ƙuri'a domin cike kujeru bakwai: kansilan mazaɓarsa, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha na Keffi ta Gabas ko ta Yamma, gwamna, ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Keffi da Karu da Kokona, sanatan Nasarawa ta Yamma, da shugaban ƙasa. Duka bakwai ɗin daga aljihun gwamnati ake biyan su. Da wuya a sami mai jefa ƙuri'ar da zai iya faɗin abin da ko ɗaya daga cikinsu ke karɓa a ƙarshen wata, kuma wannan rashin sani ba laifinsa ba ne, domin alƙaluman da hukuma ke bugawa daban, waɗanda masu kujerun kan furta da bakinsu in ta kama su ma daban.

Muhawarar da ake yi a gidajen rediyo da majalisun hira takan tsaya a kan tambaya guda: kuɗin ya yi yawa ko ya yi kaɗan? Amsar ta danganta da kuɗin da ake nufi. Idan na takarda ne, ya yi kaɗan ƙwarai. Idan abin da ke isa hannu ne, a wasu matakan ya wuce hankali.

2.0 Asalin Biyan Mai Mulki

Tarihin Musulunci ya adana yadda aka fara yanka wa shugaba abin masarufi. Da aka yi wa Sayyidina Abubakar mubaya'a, sai aka gan shi ya ɗauki tufafi zai tafi kasuwa kamar yadda ya saba. Sayyidina Umar da Abu Ubaida suka ga cewa kasuwa da halifanci ba za su haɗu ba, aka yanka masa abin da zai riƙe iyalinsa daga baitulmali. Da ajali ya gabato, ya yi wasiyyar a mayar da abin da ya ci. Ƙa'idoji biyu suka fito daga nan: wanda aikin jama'a ya hana shi neman abinci, jama'a ce za ta ciyar da shi, kuma ba shi zai yanka wa kansa ba. Hadisin Ibnul Lutbiyya, ma'aikacin zakkar da ya dawo ya ware wani kaso da sunan kyautar da aka yi masa, ya rufe ɗaya ƙofar, domin Manzon Allah (SAW) ya hana irin wannan kyauta, ya nuna cewa kujerar aka ba, ba mutumin ba.

A ƙasar Hausa, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu sarauta cikin al'adun da ya soka a Kitabul Farƙi. Duk da haka, har zuwan Turawa, mai sarauta yana cin abinci ne daga kason abin da ya tara na kuɗin ƙasa da jangali da sauransu. Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa wajajen 1800, tana ƙarƙashin Zazzau, tana aika mata gaisuwa, kuma Magaji ne idon Sarkin Zazzau a garin. Magaji Ɗan Yamusa ne ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, abin da Turawa suka riƙe cikin hujjojinsu na auka wa Kano a 1903. Bayan an ci ƙasar, wajajen 1911 aka daidaita tsarin baitulmalin En'e, aka sa sarki da hakimai da alƙalai a kan tsayayyen albashi na wata-wata. Turawa sun yi haka ne domin su san abin da ke shigowa su ɗebi nasu kason, amma a dalilinsa aka shata iyaka tsakanin aljihun mai mulki da asusun jama'a.

A Turai ta wata fuskar maganar ta ɓullo. 'Yan majalisar Ingila sun daɗe suna aiki ba albashi, wanda hakan ya sa sai mai gona da dukiya ke iya zama a majalisa. Ƙungiyar ma'aikata ta Chartist ta sa biyan 'yan majalisa cikin buƙatunta shida a 1838, amma sai a 1911 aka fara ba su fam 400 a shekara. Ke nan talakawa ne suka nemi a biya wakilai, domin ɗansu ma ya iya shiga. A laccarsa ta 1919, masanin zamantakewa Max Weber ya bambanta wanda ke rayuwa domin siyasa da wanda ke cin abinci da siyasa, ya kuma yi gargaɗin cewa inda ba a biya, mulki yakan koma hannun masu hali kawai.

3.0 Abin da Doka Ta Tanada

Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wannan aiki a kan Hukumar Tattarawa da Rarraba Kuɗaɗen Shiga, wato RMAFC. Sashe na 70 ya ce ita ke yanka albashi da alawus na 'yan Majalisar Dokoki ta Ƙasa, sashe na 111 ya ce haka game da 'yan majalisun jihohi. Sashe na 84 da na 124 sun ba majalisu ikon tsayar da albashin shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu, bisa sharaɗin kada ya zarce abin da hukumar ta ƙayyade. An yi dokar albashin masu riƙe da muƙaman siyasa a 2002, aka yi mata gyara a 2008, kuma a kan wannan gyara ake har yanzu.

A wannan tsari, tushen albashin shugaban ƙasa Naira 3,514,705 ne a shekara, na gwamna Naira 2,223,705, na sanata Naira 2,026,400, na ɗan majalisar wakilai kimanin Naira miliyan 1.99, na ɗan majalisar jiha kimanin Naira miliyan 1.34. Alawus-alawus kuma ana lissafa su ne a matsayin kaso na wannan tushe.

Yana da kyau a duba takardar albashin sanata layi-layi, kamar yadda RMAFC ta bayyana ta a watan Agustan 2024. Tushen albashi Naira 168,866 ne a wata. Kuɗin mai da gyaran mota Naira 126,650, na masu aikin gida shi ma haka. Kuɗin baƙi Naira 50,660, na wuta da ruwa shi ma haka. Akwai kuɗin sutura da na mataimaki na musamman, kowanne Naira 42,216, da kuɗin jarida Naira 25,330, da kuɗin gyaran gida Naira 8,443, wanda a lokacin ko buhun siminti guda da ƙyar ya saya. Mafi tsoka shi ne alawus na mazaɓa, Naira 422,166. Jimilla Naira 1,063,860. Sau ɗaya a zango kuma akwai kuɗin kayan ɗaki da kuɗin sallama, kowanne Naira 6,079,200, da rancen mota na Naira 8,105,600.

A 2008 mafi ƙarancin albashin ma'aikacin tarayya Naira 7,500 ne, dala kuma tana wajen Naira 118. Tushen albashin sanata a lokacin ya ninka na ƙaramin ma'aikaci sau 22 da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi ya koma Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, sannan Naira 70,000 a watan Yulin 2024, dala kuma ta haura Naira 1,500 a wannan shekarar. Yanzu tushen albashin sanata bai kai ninki biyu da rabi na mafi ƙarancin albashi ba. Wannan ne ya sa shugaban RMAFC, Mohammed Bello Shehu, ya koka a watan Agustan 2025 cewa shugaban ƙasa Naira miliyan 1.5 yake karɓa a wata, minista kuma bai kai miliyan guda ba. Idan a takarda aka tsaya, kukansa yana kan hanya.

4.0 Tsakanin Takarda da Aljihu

Ba a takarda maganar ta tsaya ba. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani na Kaduna ta Tsakiya ya bayyana cewa kowane sanata yana karɓar Naira miliyan 13.5 a wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, ban da albashi. A lokacin mafi ƙarancin albashi Naira 18,000 ne, ke nan ninki 750. A watan Agustan 2024 Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ke zuwa hannunsa ya kai Naira miliyan 21 a wata, wanda ya yi daidai da albashin ƙananan ma'aikata 300. Tun kafin su, a 2010, Gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya ce Majalisar Dokoki ta Ƙasa na cinye kashi 25 cikin 100 na kuɗin gudanarwar gwamnatin tarayya, har aka kira shi gaban majalisar ya ƙi janye maganarsa. A 2013 mujallar The Economist ta ƙiyasta abin da ɗan majalisar Nijeriya ke samu a kan dala 189,500 a shekara, ninki 116 na abin da ke faɗa wa kowane ɗan ƙasa idan aka raba arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara, rabon da ya fi na duk ƙasashen da ta lissafa.

Masu kare wannan tsari suna cewa kuɗin gudanarwa ba albashi ba ne, na hayar ofishin mazaɓa ne da tafiye-tafiye da tarurruka, kuma ana kawo rasit. Da haka ne, da babu dalilin zuba shi a hannun ɗan majalisa kai tsaye, kuma da an buga rasit ɗin kowa ya gani. RMAFC da kanta ta ce ba ita ta yanka wannan kuɗi ba. A watan Yunin 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Chuka Obiozor, ta yanke hukuncin cewa RMAFC kaɗai ke da hurumin yanka wa 'yan majalisa albashi da alawus. Majalisar da ke amincewa da kasafin kuɗin ƙasa ita ke tsara nata kasafin, ga shi kuwa an ce mai rabo ba ya ƙin kansa.

Wannan giɓi ne ke rage wa sadaukarwar da ake shelantawa armashi. Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa sun zabge rabin albashinsu a 2015. 'Yan Majalisar Wakilai sun amince a watan Yulin 2024 su bayar da rabin albashinsu na wata shida, Naira 300,000 kowannensu a wata. An yaba, amma daga ɓangaren takarda aka yanka, ba a taɓa ɗaya ɓangaren ba. Haka nan rahoton ƙarin kashi 114 cikin 100 da ya ɓulla a watan Yunin 2023, makonni kaɗan bayan cire tallafin man fetur, ya jawo ce-ce-ku-ce har fadar shugaban ƙasa ta ce ba ta amince da shi ba. Jama'a suka huce, alhali ƙarin da suka ƙi bai kai ko kusa da abin da ke wucewa ta bayan fage ba. Alƙalai kaɗai aka yi wa gyara a fili, da dokar 2024 da ta ƙara musu kimanin kashi 300 cikin 100.

Fanshon tsofaffin gwamnoni wata ƙofar ce. Sashe na 124(5) ya halatta wa majalisun jihohi su yi dokarsa, wasu jihohin kuma suka cusa gidaje da motoci da masu hidima a ciki. Zamfara ta soke tata dokar a watan Nuwamban 2019, bayan wasiƙar da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta yana neman a biya shi Naira miliyan 10 na kowane wata ta fito fili. Imo da Kwara sun bi sahu. Batun ya shafi Nasarawa, inda hanyar da ta tashi daga gidan gwamnati zuwa Majalisar Dattawa sananniya ce: Abdullahi Adamu, ɗan Keffi, da Umaru Tanko Al-Makura duk sun bi ta. Kamata ya yi dokar kowace jiha ta fito fili ta ce a dakatar da fansho muddin mai shi yana riƙe da wata kujerar da ake biyan sa.

5.0 Shin Albashi Mai Tsoka Na Hana Sata?

Ƙasar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Singafo. Tun 1994 ta ɗaure albashin ministoci da na manyan masu samu a kamfanoni. Bayan gyaran 2012, firaminista yana karɓar dalar Singafo miliyan 2.2 a shekara, sabon minista kuma kimanin miliyan 1.1. Abin da masu kawo wannan misali kan tsallake shi ne albashin dunƙule yake wuri guda, ba wasu ɓoyayyun alawus a gefe, kuma hukumar yaƙi da rashawa ta ƙasar tana kama minista ta kai shi kotu.

Bincike ya nuna cewa albashi yana da tasiri a kan irin mutanen da ke fitowa takara. Ferraz da Finan sun gano haka a kan kansilolin Burazil, Gagliarducci da Nannicini kuma a kan magadan gari a Italiya: inda albashi ya fi kyau, masu ilimi sun fi fitowa, aiki ma ya ɗan inganta. Sai dai Gana ta ba da darasi na daban. A 2010 an ninka albashin 'yan sandanta, amma binciken Foltz da Opoku-Agyemang a kan direbobin manyan motoci ya nuna cewa na goron da ake karɓa a shingayen hanya ƙaruwa ya yi. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne ƙarancin albashi yana korar mutumin kirki marar dukiya, yawansa kuma ba ya shiryar da ɓarawo in babu mai sa ido.

Wasu ƙasashen sun fi mayar da hankali a kan wanda ke yankawa. Gyara na 27 na kundin tsarin mulkin Amurka, wanda aka gabatar a 1789 bai tabbata ba sai 1992, ya hana duk wani sauyin albashin 'yan majalisa fara aiki sai bayan zaɓe na gaba. Ingila ta kafa hukuma mai zaman kanta, IPSA, bayan badaƙalar kuɗin alawus ta 2009, kuma tana buga abin da kowane ɗan majalisa ya nema a biya shi a intanet. Kenya ta kafa hukumar albashi a kundinta na 2010.

6.0 Keffi da Jihar Nasarawa

An ƙirƙiri Jihar Nasarawa ranar 1 ga Oktoban 1996 daga Jihar Filato. Tana da ƙananan hukumomi 13, mazaɓun kansiloli 147, da kujerun majalisar jiha 24. Keffi tana da mazaɓu 10, daga cikinsu akwai Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu da Liman Abaji da Yara da Jigwada da Sabon Gari. Tazarar kimanin kilomita 50 ce tsakaninta da Abuja, ga Jami'ar Jihar Nasarawa da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, don haka kuɗin haya da na cefane a garin suna bin iskar Abuja, albashi kuwa na jiha ne.

A nan ne ya kamata a bambanta matakai. Sanata yana Abuja, sai an bi ta hannun masu tsaro da mataimaka kafin a gan shi. Kansila kuwa a unguwa yake kwana. Kafin ya dawo daga sallar Asuba an riga an yi layi a zaurensa: wannan riƙe da takardar magani daga asibiti, wancan ɗansa zai rasa rajista a jami'a, ga mai suna ranar Asabar, ga matasan da suka yi masa yawon kamfe suna jiran na shayi, ga kwamitin masallaci da na coci kowanne da takardar neman taimako. Da azumi a jira hatsi da sukari, da Sallah a jira goro. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin aikin da doka ta ba shi, wato yin dokokin ƙaramar hukuma da amincewa da kasafinta da bin diddigin yadda aka kashe. Amma wanda ya ce babu, an gama da shi a zaɓe mai zuwa. Albashin kansila bai isa ya ɗauki wannan kaya ba, kuma kansilan da ke neman abin sallamar jama'a daga hannun ciyaman ba zai iya tuhumar ciyaman a kan kasafi ba. Ƙarancin biya a wannan mataki yana kashe sa ido ne tun daga tushe.

Sai dai ƙarin albashi ba zai share wannan layi ba, tsawo ma zai ƙara masa. Mai takardar magani ya zo zauren kansila ne saboda babu magani a asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu. Kowace Naira da aka karkatar daga asibitin zuwa aljihun zaɓaɓɓe domin ya yi ihsani da ita, ta mayar da haƙƙin talaka ya zama alfarma, ta kuma ɗaure shi da godiya ga wanda ya kamata ya tuhuma.

Akwai kuma abin da ma'aikatan Nasarawa ba su manta ba. Daga wajajen 2016, bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai, ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman firamare sun shafe shekaru ana biyan su wani kaso na albashinsu, gwargwadon abin da ya shigo asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi a wannan watan. A shekarar ce kuma yunƙurin rage albashin ma'aikatan jiha ya jawo dogon yajin aiki. Jihar ta amince da Naira 70,500 a matsayin mafi ƙarancin albashi a ƙarshen 2024. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa batun nauyi, domin idan kuɗin ya sauka a Keffi ba tare da ƙa'ida ba, abin da ake kuka da shi a Abuja zai dawo sakatariyar ƙaramar hukuma, da tarin masu ba da shawara da mataimaka na musamman waɗanda doka ba ta san da su ba.

Tsadar shiga takara ita ce ta ƙarasa ɓata lissafin. A zaɓen 2023 jam'iyyar APC ta sayar da fom ɗin shugaban ƙasa Naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, na wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sayar da na shugaban ƙasa miliyan 40. Ko da an ɗauki Naira miliyan 1.5 a wata, albashin shugaban ƙasa na shekara huɗu miliyan 72 ne, bai mayar da kuɗin fom ba. A wancan zaɓe, Dokar Zaɓe ta 2022 ta yarda ɗan takarar sanata ya kashe har Naira miliyan 100, alhali albashinsa na zango gaba ɗaya kimanin miliyan 51 ne. Ba a sa kuɗin daliget a wannan lissafi ba. Wanda ya shiga da bashi ko da kuɗin ubangida, dole ya nemi inda zai fanshe, kuma kuɗin gudanarwa da ayyukan mazaɓu ne mafi kusa da hannunsa. Shugaba Buhari da kansa ya ce a 2019 an ware kimanin Naira tiriliyan guda ga ayyukan mazaɓu cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinsu a ƙasa ba.

7.0 Ma'aunin da Ya Dace

Mataki na farko shi ne a soke jerin alawus-alawus ɗin nan na jarida da sutura da masu aikin gida, a mayar da su albashi guda wanda ake cire wa haraji kamar na kowane ma'aikaci. Sannan a ɗaure shi da mafi ƙarancin albashi, ta yadda ba zai tashi ba sai na masinja da malamin firamare ya tashi. Shawarar wannan maƙala ita ce kada abin da sanata zai kai gida ya wuce ninki 30. A yau wannan Naira miliyan 2.1 ne a wata, ninki biyu na abin da ke takarda, kashi ɗaya cikin goma na abin da Sanata Kawu Sumaila ya ambata. Sauran kujeru su bi a kan wannan tsani, na jiha da na ƙaramar hukuma a auna su da mafi ƙarancin albashin da jihar ke biya a zahiri. Kansila ya sami abin da zai kai na babban jami'i a sakatariyarsa, domin ya iya kallon ciyaman ido da ido.

Kuɗin ofis kuma kada ya bi ta asusun ɗan majalisa. Hukumar gudanarwar majalisa ta biya mai gidan haya da ma'aikata da kamfanin jirgi kai tsaye, a buga lissafin kowane wata uku da sunan kowane wakili. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta riga ta ba da hujjar hakan. Duk ƙarin da aka amince da shi kuma ya jira majalisa ta gaba.

Ana yawan kawo shawarar mayar da aikin majalisa na wucin gadi, kuma Taron Ƙasa na 2014 ya goyi bayanta. Tana iya dacewa da kansiloli, waɗanda zamansu ba shi da yawa. Ga majalisun jiha da na tarayya akwai cikas biyu: kundin tsarin mulki ya wajabta musu zaman aƙalla kwana 181 a shekara, sannan majalisar da ke taruwa jefi-jefi sai ta ƙara zama 'yar amshin shatan gwamna, a daidai lokacin da ake kukan cewa ta riga ta zama.

Yawancin waɗannan gyare-gyare sai an jira RMAFC da Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Amma sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya bar tsari da kuɗin ƙananan hukumomi a hannun dokar jiha, saboda haka akwai abin da gwamnatin jiha da ke Lafiya za ta iya yi ba tare da jiran Abuja ba. Ana kira ga Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa da ta yi doka mai sassa uku: a liƙa cikakken abin da ciyaman da mataimakinsa da kowane kansila ke karɓa a allon sanarwa na sakatariyar Keffi da sauran sakatariyoyi 12, a ƙayyade yawan masu muƙaman siyasa da ciyaman zai iya naɗawa, kuma a duk watan da kuɗi ya gaza, kada a biya zaɓaɓɓe ko sisin kwabo sai an gama biyan malaman firamare da ma'aikatan lafiya albashinsu cif.